Jidda Ba Nisa

Mahaifiyarmu, Hajiya Iyatu mai goro, sau ɗaya ta taɓa tafiya a jirgin sama, kuma wannan tafiyar ce ta cuce mu. Shekarar da ta sauke farali, a filin jirgi na Ikeja ta yi sallar asuba, ta yi azahar a Jidda. Tun daga ranar babu mahalukin da ya isa ya fahimtar da ita cewa Jidda na da nisa. Kana faɗa za ta washe haƙorin Makka ta ce, "Wane nisa? Awa biyar fa. Goron da na jefa a baki bai gama sakin ɗacinsa ba aka ce mu ɗaura ɗamara za a sauka. Kazaure ce mai nisa, da sai ka yini ka kwana a mota ƙafa ta kumbura."

Ba ƙarya ta yi ba, abin haushin ke nan. Ni kaina na taɓa barin Agege da hantsi zan je Idumota, ban isa ba sai da aka kira la'asar saboda goslo, cunkoson motoci. To wadda ta ga haka a cikin gari ɗaya, ta yaya za ka tsorata ta da awa biyar a kan kujera mai laushi ana miƙo mata shayi?

Ni ce Larai, babbar 'yarta. Tuwo nake sayar wa mahauta da masu ɗaukar nama a Oko-Oba, kuma duk unguwarmu an san bakina ba shi da linzami. Inna, haka muke kiran mahaifiyar tamu, takan ce da a kan baki ake karɓar haraji da tuni an kwashe mini tukwane. Ƙanwata Nazifa kuwa sanyi gare ta, irin mutanen nan da za ka taka su su ce maka sannu. Shi ya sa abin da ta aikata ya ɗaure wa kowa kai.

Mijinta Harisu tumatir yake saukewa a kasuwar Mile 12. Shekarar da soja suka mayar da mulki, rikicin ƙabilancin nan na unguwar Ketu ya rutsa da shi. Ya fita da safe da ƙafarsa, aka dawo da shi a bayan akori-kura. Ya bar mata 'yan mata biyu da ɗakin haya. Ta yi takaba ta fita, ta taɓa sayar da ƙosai, ta taɓa kitso, babu wanda ya riƙe ta. Da azumi na gaba ya kama sai ta zo ta ce wa Inna ta samu wani ejan da zai kai su Umra, tana so ta je ta yi wa marigayin addu'a a gaban ɗakin Allah, kafin salla ta dawo. Inna ta yi murna har da hawaye. Ta sa mata albarka, ta ciro mayafin da ta yi hajji da shi ta ba ta, aka kawo mini yaran in riƙe na 'yan kwanaki.

Salla ta zo, 'yan Umra suka dawo, babu Nazifa. Wata cikin abokan tafiyarta ce ta zo da saƙo cewa ta samu aikatau a gidan wani Balarabe a Jidda, za ta zauna ta tara abin da za ta riƙe marayunta, a yi haƙuri a fahimce ta. Inna na zaune a ƙofar gida tana yayyafa wa goro ruwa. Ta saurara har aka gama, ta rufe goron da ganye, sannan ta ce, a gaban matar da duk masu wucewa:

"Da ɗakin Allah ta yi mini ƙarya? To ban yafe ba."

Duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san nauyin wannan kalma. Uwa za ta zage ka, ta jefe ka da muciya, ta ce kar ka sake taka mata ɗaki, duk wannan ruwan sama ne, rana na fitowa ya bushe. Amma in ta ce ba ta yafe ba ta koma ga Allah a haka, ka shiga uku duniya da lahira. Na ce, "Inna, ki mayar da wannan magana." Ta ce in kama bakina tun ban samu rabona ba.

Nazifa ta cika alkawarin aike. Duk wanda zai dawo sai ta ba shi ɗan wani abu: kuɗin makarantar yara, turare, dabino, abaya. Inna ba ta taɓa sa ko ɗaya a jikinta ba. Dabinon ma maƙwabtanmu Yarabawa take raba wa, su yi ta godiya suna "E se, Alhaja," ita kuwa ko ƙwaya ba ta kai bakinta. Ranar Juma'a Nazifa kan bugo waya shagon Isma'ila da ke bakin layinmu, inda duk unguwa ke amsa kira. Ni ke zuwa. Kullum tambayarta ɗaya, "Yaya, Inna ta huce?" Ni kuma in na koma gida na ce tana gaishe ta, sai Inna ta ce mai son gaishe ta ta san hanyar gida, ai ba a bayan duniya take ba.

A daminar 2002 ƙafafun Inna suka fara kumbura. Da ta daina cin goro na san magana ta girma, don matar da ko zazzaɓi take yi da goro a kumatunta. Muka kai ta babban asibitin nan na Idi-Araba, aka yi gwaje-gwaje, likita ya ja ni gefe ya ce ƙoda ce, duka biyun, kuma an makara. Ya ce mu koma gida mu kula da ita, mu ba ta abin da ranta ke so. A cikin motar haya ta danfo muna dawowa na ce mata zan gaya wa Nazifa ta fara shiri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta ce, "Shirin me? Kar ki ɗaga mata hankali yanzu. In na ji jikin ya ƙi, sai a kira ta. Da safe ta taso, la'asar tana gabana."

Ban biye mata ba. Juma'a na zuwa na fasa wa Nazifa ƙwan gaba ɗaya. Ta yi ta kuka har Isma'ila ya ji daga inda yake zaune. Lokacin ya sayi wayar salula, cikin na farko-farko a layinmu, a kanta kuma kiran ya shigo, sai ya ce babu komai, ya biyo ni da ita har ɗakin Inna. Na kara mata a kunne ina riƙe, don hannunta ba ƙarfi. Ina jin muryar Nazifa 'yar siririya tana fitowa.

"Inna, don Allah don Annabi ki yafe mini. Na tuba. Na bi Allah na bi ki."

Idon Inna ya cika. Na ce a raina alhamdu lillahi, yau dai an wuce wurin. Sai ta haɗiye ta ce, "Ta waya? Ta waya na haife ki? Ki zo ki ji da kunnenki. Awa biyar ne, Nazifa, ni na san hanyar."

Washegari Hajiya Furera ta zo dubiya. Tsohuwar 'yar Jidda ce, ta yi shekaru tana aikatau can kafin a koro ta, yanzu turare take sayarwa a kasuwar Agege. Da na raka ta ƙofa na ba ta labarin wayar, sai ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Larai, ke ma kin biye wa tsohuwa? Awa biyar ai ta mai takarda ce. Ina fasfon Nazifa?"

Na ce ban sani ba.

"Ni na sani. Yana hannun ejan, ejan kuma ya san inda dare ya yi masa. Ba fasfo, ba takardar zama, wa zai sayar mata da tikiti? Hanya ɗaya ce, wadda muka bi. Akwai wata gada a Jidda da mutane ke zuwa su zauna a ƙarƙashi, suna jiran 'yan kame su zo su kwashe su. Kina roƙon Allah a kama ki, abi kin taɓa jin irin wannan addu'a? In an kama ki a kai ki gidan tsarewa, ki jira a yi miki takarda, ki jira jirgi ya cika. Kuma ba nan zai sauke ki ba o, Kano zai zube ku, kowa ya san ta kansa. Ni sai da na ga wata biyu sun tsaya a kaina."

Na koma ɗaki. Na zauna bakin gado na zayyana wa Inna komai, gadar, kamen, jiran, Kano. Ta saurare ni kamar mai sauraren tatsuniya. Da na gama ta ce Furera ai dama baƙin jini gare ta, ko a nan Agege in an zo rusau rumfarta ake fara taɓawa. Isma'ila ya zo karɓar kuɗin wayarsa ya tarar muna wannan, shi ma ya sa baki, ya ce Hajiya tsakanin nan da Jidda fa ya fi kilomita dubu huɗu, akwai sahara akwai teku. Ta ce kilomita ta masu tafiya a ƙasa ce. Ta ce, "Ku gaya mini, Jidda ce ta matsa ko jirgin ne ya tsufa?"

Wallahi da ba uwata ba ce da na girgiza ta.

Juma'ar da ta biyo Nazifa ta sake bugowa. Ta ce ta bar gidan aikin, gobe za ta tafi gada, daga nan kuma babu waya, babu saƙo, sai dai in Allah ya sa mun gana. Na ruga gida da wayar, Isma'ila na bina yana cewa in yi a hankali kar in yar masa da jari. Kafin in kara wa Inna sai da na durƙusa na ce, "Inna, wannan ce ta ƙarshe. Daga yau ba za ki ƙara jin muryarta ba sai ta iso, kuma babu wanda ya san ranar. Kalma biyu ce. Ki faɗa."

Ta karɓi gaisuwar Nazifa, ta tambaye ta ko tana cin abinci, ta ce ta riƙe mayafi saboda sanyin jirgi. Nazifa ta sake roƙo. Inna ta ce, "Allah ya kawo ki lafiya. Sauran magana sai kin zo." Daga nan layin ya yanke, ko kuɗinta ne ya ƙare oho.

Ranar na yi wa Inna faɗan da ban taɓa yi mata ba. Na ce wannan ba tarbiyya ba ce, mugunta ce. Na ce yarinya ta bar aikinta za ta je ta kwanta a ƙarƙashin gada kamar mahaukaciya saboda ke, me kuma kike so? Ta bar ni na yi har na gaji. Sannan ta ce, a hankali, "Ke ba ki san komai ba sai tuƙa tuwo. In na faɗa ta waya, me zai kawo ta?"

Na ce to ta faɗa mini ni, in riƙe mata amana, in ta zo in ba ta.

Ta ce, "Ba a ba da ajiyar wannan. Zuwa da kai ya fi aike." Ta juya mini baya.

Gidanmu a ƙarƙashin hanyar jirage yake. Duk jirgin da zai sauka Ikeja sai ya bi ta kanmu, ƙasa-ƙasa har kana ganin tayoyinsa, kwanon rufi na karkarwa. Mu da aka haifa a nan ba ma jin su, kamar yadda mahauci ba ya jin ƙarnin jini. Inna ta sa aka ja mata gado kusa da taga. Jirgi na wucewa za ta ɗaga yatsa ta ce, "Wannan daga gabas ya fito." Sai ta shiga lissafi: kafin su ɗauki kaya, kafin ta samu danfo, in babu goslo a Dopemu, to in ɗora shinkafa. In ce mata Kano za a sauke ta, ba nan ba. Ta ce to, ta ji. Wani jirgin na wucewa ta sake ɗaga yatsa.

Haka muka yi ta yi. Na rufe rumfar tuwona, mahauta suka koma wajen wata Bayarabiya mai amala. Sati ya bi sati, babu labarin Nazifa, ko tana gada, ko an kama ta, ko tana da rai ma. Na je wajen Furera ta tambayar mini 'yan Jidda, kowa ya ce mata masu baƙar abaya a ƙarƙashin gadar nan sun fi a ƙirga, wa zai gane wata Nazifa. 'Ya'yanta su dawo daga makaranta su leƙa ɗaki su ga ko uwarsu ta zo, su ci shinkafar da aka dafa dominta. Na tsani jirgin sama. Na tsani ƙararsa, na tsani mutanen da ke ciki suna saukowa daga London da Dubai da akwatunansu, kowa da takardarsa a aljihu. In na ji ya taho sai in ƙara wa rediyo murya, amma kunnen Inna ya fi nawa.

Kullum da safe in na goge mata jiki sai na gwada sa'ata. Wata rana da lallashi, wata rana da wa'azi, wata rana da kuka. Har limamin masallacinmu na ɗauko ya yi mata nasiha a kan falalar yafiya. Ta gode masa, ta sa na ba shi goro, ta ce, "Malam, ai tana hanya."

Wata Talata bayan azahar, ana ruwa, ta kwanta barcin rana. Da na zo tashinta sallar la'asar na tarar rai ya yi halinsa. Kafin magariba maza sun kai ta makwancinta. Babu wanda ya kawo zancen a jira, don babu wanda ya san inda wadda za a jira take.

Ranar sadakar bakwai muka kafa kanofi a layi muka jera kujerun roba, kamar yadda ake yi a nan ko biki ko mutuwa. Ina cikin gida ina raba waina sai na ji layin ya yi tsit. Isma'ila ne ya gaya mini daga baya cewa okada ya sauke wata mata a bakin shagonsa, bai gane ta ba sai da ta yi magana. Ta dubi kanofin ta ce masa, "Oga Isma'ila, bikin wa ake?" Shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Ta shigo tsakar gida da leda ɗaya a hannu, da silifas wari da wari. Ta rame ta yi baƙi, abayar jikinta ta koɗe ta koma ruwan toka. Ta fi wata biyu tsakanin gada da gidan tsarewa. Jirgin kuwa, in ji ta daga baya, ko awa biyar ɗin bai cika ba ya dire su a Kano. Daga can tsoffin abokan mijinta suka sa ta a motar tumatir mai zuwa Mile 12, ta kwana biyu a hanya. Na tambaye ta me ya hana ta bugo waya daga Kano. Ta ce tsoron abin da za ta ji.

Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Yaranta suka rungume ta, ta shafa kansu kamar 'ya'yan maƙwabta. Ta zauna a kan tabarma a tsakiyar mata, aka yi ta yi mata gaisuwa, tana amsawa da kai. Can ta ɗago ta ce, "Ta yafe mini?"

Mata suka ɗauka gaba ɗaya. Furera ce kan gaba: "Haba, ta yafe mana! Uwa ce fa. Tun yaushe!" Wata ta ce ai kullum zancenta take, wata ta ce da sunanta a baki ta cika, alhali wannan ko ɗakin ba ta taɓa shiga ba. Nazifa ba ta dubi ko ɗayansu ba. Ni take kallo, don ta san duk gidan nan ni kaɗai ce ban iya shafa wa magana mai ba.

Na ce, "Ta yafe."

Ta ce, "Yaya, ce wallahi."

Ni da nake rantsuwa sau ɗari a rana a kan canjin naira biyar, na buɗe baki kalmar ta ƙi fita. Na duba ko'ina cikin kwanakin nan ko zan samu inda Inna ta faɗa, ko da cikin magagin ciwo, ko da rabin kalma da zan rataya rantsuwata a kai. Ban samu ba. 

Nazifa ta ce, "To me ta ce? Na ƙarshe."

Na gaya mata gaskiya. Na ce ranar Talatar, da na gyara mata filo za ta kwanta, cewa ta yi barci take ji, amma in kin iso in tashe ta.

Nazifa ta gyaɗa kai a hankali, ta dubi ƙofar ɗakin Inna, ta dube ni.

Ta ce, "To ai ga ni na iso, Yaya."